Kafin a ce uwargida ba ta iya tattali ba

A majalisun maza, idan an gama da siyasa an gama da ƙwallo, hira takan gangaro kan tsadar rayuwa, daga nan kuma sai ta sauka a kan mata. Wannan ya ce matan yanzu ba su iya tattali ba. Wancan ya ce mahaifiyarsa da mudu ɗaya take ciyar da gida guda har a samu na ɗumame da safe, amma tasa matar ko nawa ya ajiye sai ta ce bai isa ba. Kowa ya gyaɗa kai. Da wuya ka ji wanda zai tambaye shi: shi mahaifin naka da kake yabon matarsa, yaya yake shigo da abinci gida? Kullum da safe yake aikawa a awo gwangwani biyu a shagon bakin layi, ko kuwa tun da kaka yake cika rumbu?

A ganina mafi yawan abin da muke kira tattalin girki ba a bakin murhu ake yin sa ba. Watanni kafin a ɗora tukunya ake yin sa, lokacin da kaya ke araha a kasuwa, sannan a ƙarasa shi a tsakar gida, a hannun waɗanda suka iya shanya da daka da ajiya da harhaɗa ɗan abin da zai rage kashe kuɗi. Wanda ke riƙe da kuɗi a wancan lokaci, a yawancin gidajenmu, maigida ne. Idan tattali ya lalace, kasonsa na laifi ba kaɗan ba ne.

Ba raina abin da ya faɗo wa mutane nake yi ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, bayan 'yan makonni aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota ya tashi, duk abin da ake lodawa a mota ya bi bayansa. Zuwa tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A Fabrairun shekarar mata masu gurasa a Kano suka fito kan titi saboda tsadar fulawa, a Minna ma mata suka tare hanya. A lokacin ne aka ji mutane na rububin afafata, tarkacen shinkafar da injin casa ke warewa, wadda a da kifi da kaji ake zuba wa. Mafi ƙarancin albashi da aka ɗaga zuwa Naira dubu 70 a Yulin 2024, an yi watannin da bai iya sayen buhun shinkafa ɗaya ba. Babu dabarar kicin da za ta gyara wannan, kuma duk jami'in da ya hau mumbari yana koya wa talaka tattali alhali nasa ofishin bai san tsimi ba, ya cancanci a yi masa shiru.

Sai dai ko a cikin wannan hali, gida biyu masu samu iri ɗaya a layi ɗaya ba wahala iri ɗaya suka sha ba. Bambancin nasu nake so mu duba.

Tsaya a shagon unguwa da hantsi ka ga yadda ake cefane yanzu. Yarinya za ta zo da kuɗi dunƙule a hannu: shinkafa gwangwani uku, man gyaɗa ƙulli ɗaya, tumatirin leda biyu, magi, gishiri, sai ta tsallaka wajen mai kayan miya ta ɗauki attaruhu kashi ɗaya da albasa guda. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kowane ɗaya cikin kayan nan ya bi hannu huɗu ko biyar kafin ya iso gare ta, daga manomi zuwa ɗan kasuwar ƙauye, zuwa dillali, zuwa mai sito a kasuwar Dawanau ko ta Singa a Kano, zuwa mai shago, kowa ya ɗora ribarsa da kuɗin motarsa. Har ledar da aka ƙulla man an lissafa kuɗinta. To matar da aka kai wa wannan cefane, wace dabara ta rage mata? Ta rage mai, ta ƙara wa miya ruwa, ta ce wa yara ita ta ƙoshi. Iyakarta ke nan. An gama cinye rarar gidan tun a kasuwa, sannan a dawo ana tuhumarta.

Alhali ƙasarmu ƙasa ce da farashi ke bin yanayi, kowa ya san jadawalin ko bai taɓa rubuta shi ba. Gero na shigowa wajen Satumba, masara da gyaɗa na biye, wake a Oktoba da Nuwamba, dawa ce auta, sai sanyi ya fara. Da an shiga Janairu kayan lambun rani su cika kasuwa, tumatir da tattasai daga Kadawa da Kura da Ɗanja, albasa daga Aliero da Galmi ta Nijar. Daga Mayu zuwa Agusta kuma komai ya haye, domin rumbunan ƙauye sun yi ƙasa, lambu ya ƙare, sabo bai nuna ba. A kan wannan jadawali iyayenmu suka gina gida. Dami-dami ake jera gero a rumbu ba a sussuke ba, irin shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar cewa a bar hatsi a zangarniyarsa. Namiji ya shigo da kaya lokacin da suke banza, mace ta karɓa ta yanka kuɓewa ta shanya, ta daka kuka, ta busar da karkashi da yakuwa da barkono, ta dafa kalwa ta yi daddawa. Tsohuwar da ake yabo a majalisa ba daga iska take haɗa miya ba. Ɗakinta cike yake da ƙore da tukwane da aka cika tun watannin baya, kuma wani ne ya kawo abin da aka cika su da shi.

Ɗauki tumatir, tunda shi ne ya fi sa mutane kuka. A Fabrairu da Maris manoman Kadawa kan rasa yadda za su yi da shi, har wani ya bar kwando a bakin titi saboda kuɗin motar kai shi kasuwa ya fi abin da zai samu. Masana na ƙiyasta cewa wajen kashi 40 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya lalacewa yake yi kafin ya kai tukunya. Kamfanin sarrafa tumatir da Dangote ya buɗe a Kadawa a 2016, wanda aka sa ran zai kwashe wannan rara, ya yi ta buɗewa yana rufewa, kuma a shekarar da ya fara aiki ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Bayan wata uku kacal da wannan araha, a Yuni, tumatir huɗu ƙanana sai su gagari magidanci. A 2024 har da karas da gwanda aka riƙa yin miyar dage-dage.

Tsakanin Maris da Yuni babu abin da ake buƙata sai wuƙa da rana, ita kuwa rana a watan Maris ba sayenta ake yi ba. Kauda ba sabon abu ba ce. Abin da ya sa wasu matan birni ke ƙyamarta shi ne wadda ake sayarwa a kasuwa galibi a ƙasa aka shanya ta, a gefen titi, ta sha ƙura da yashi, miya ta fito baƙa tana gurzar haƙori. Wadda aka yi a gida daban ce. A zaɓi tumatir mai tauri wanda bai fashe ba, a wanke, a raba biyu ko huɗu, a barbaɗa ɗan gishiri, a jera cikinsa na kallon sama. Kafinta zai haɗa gadon shanya da ragowar katako, mai ƙafa huɗu da ta kai ƙugu, a buga masa raga a ƙasa don iska ta ratsa, a lulluɓe shi da tsohon gidan sauro da aka wanke saboda ƙuda. Maigidan da ke da guduma da ƙusa shi ma zai iya a yammacin Asabar ɗaya. Da magariba a shigar da shi saboda raɓa, da safe a fitar. Cikin mako guda ya bushe ƙayau da jan launinsa. Ranar girki a jiƙa shi a ruwan ɗumi, a kai markaɗe da albasa, baƙo ba zai gane ba. Gadon nan kuma shi zai busar da tattasai da attaruhu da kuɓewa da zogale, shekara da shekaru.

Amma wa zai sayo kwandon? Nan ne magana take. Mata da yawa sun san wannan aiki sarai. "Maigida, tumatir fa ya faɗi a Yankaba, da ka sayo mana kwando mu yanka." Shi kuma ya ce, "To Hajiya, bari a yi albashi." Albashi ya zo, ya bi ta kan anko da gudummawar biki da katin waya, damina ta faɗi, tumatir ya tashi. A Yuli shi ne kuma zai ɗaga murfin kwano ya ce yau miyar ba ta yi ja ba.

Wake ma haka. Dalilin da ya sa magidanta ke tsoron sayen wake da yawa shi ne ƙwari, domin cikin wata biyu ko uku za su huda shi ya koma gari. Dalilin da ya sa ya kamata su ji tsoron na kasuwa a tsakiyar shekara kuwa shi ne abin da wasu 'yan kasuwa ke zuba masa don kada ya huje. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Turawa sun ƙi, mu muka ci gaba da ci. Ga shi kuwa maganin abin ba shi da wuya: ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar suka fito da buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, wanda aka fara yaɗawa a ƙasashenmu daga 2007. A zuba busasshen wake, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da ɓera. Wanda bai samu buhun ba, jarkar mai da aka wanke ta bushe sarai tana yin aikin: a cika ta har wuya, a jijjiga a ƙara, a sa leda a baki a murɗa murfi. Sharaɗin kawai shi ne kaya su bushe da gaske kafin a rufe. Gyaɗa da masara musamman, idan aka ajiye su da danshi suna yin fumfuna mai dafi da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe dafin.

Akwai wani malami da ya koyar a Jigawa, marigayi Muhammad Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane. Ya ɗauki tukunyar ƙasa ƙarama ya sa a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da danshin tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar tukunya yana bushewa yana tafiya da zafi, cikin ƙaramar ya yi sanyi. Gauta da ke yamushewa cikin kwana uku sai ga shi yana kai kusan wata. Ya raba dubban tukwanen a ƙauyuka, a shekarar 2000 kamfanin agogon Rolex ya ba shi lambar yabo, aka kwaikwayi abin har Sudan. Yau ka zaga gidajen ma'aikata a Dutse ko Kano ka ƙirga gida nawa ke da ita. Firiji za ka tarar, wanda aka ci bashi aka saya, yana tsaye babu wuta an mayar da shi ma'ajiyar kwanuka. Tukunyar ba ta aiki sosai da damina saboda iska na da laima, kuma ba a ajiye nama a ciki, sai an riƙa zuba wa yashin ruwa safe da yamma. Amma a watannin zafi, lokacin da alayyafo da tumatir ke narkewa cikin yini biyu, a lokacin ta fi ƙarfi. Abin da ya hana ta shiga gidajenmu ba tsada ba ne. Kada maƙwabta su ce an koma ƙauye, shi ke nan.

Wannan jin kunyar ya yi mana ɓarna a cikin tukunya ma. Mun yi shekaru muna koya wa yara cewa abinci shi ne shinkafa da taliya da Indomie da burodi, tuwo kuwa horo ne. Sama da kashi 90 na alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake sayo ta da dala, don haka duk ranar da Naira ta yi tuntuɓe, karin kumallon yaro ne ke faɗuwa. Gero da dawa da wake da gyaɗa kuwa a bayan gari suke fitowa. Ɗan wake da mai da yaji, dambun masara da zogale, faten tsaki da yakuwa, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, burabusko, wasa-wasa, kunun tsamiya da ƙosai, duk abincin da ke riƙe ciki ne, kuma yawancinsu sun fi taliyar leda gina jiki nesa ba kusa ba. A Maradi da Damagaram dambun zogale abinci ne na alfarma, ba wanda ke ɓoye shi idan baƙo ya yi sallama. A nan kuwa sai ka ji uwa na ba baƙuwa haƙuri wai yau tuwo aka yi.

Awara ta ishe mu misali na abin da hannu ke iya yi. Waken soya ba abincin kakanninmu ba ne, sai a shekarun 1980 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wasu hukumomi suka dage wajen koya wa mutane sarrafa shi a gida. Matan Arewa suka karɓa suka mayar da shi nasu. Mudu ɗaya za a jiƙa, a wanke, a kai inji. A tace da ƙyalle, a ɗora madarar a wuta, idan ta tafasa a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, wanda ba saye ake yi ba, ruwan da ya kwana a kan gasara ne. Kana tsaye za ka ga ta dunƙule ta taso ta bar ruwa garau a ƙasa. A kwashe a ƙyalle da attaruhu da albasa, a ɗaure, a danne da dutse ko turmi. Ta yi tauri a yanka. Rabi a soya wa yara su tafi da shi makaranta, rabi a jefa a miya a madadin nama, dusar a ba akuya ko kaji. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na waken soya sinadarin gina jiki ne. A gidan da kilo ɗaya na nama ya zama sai ranar albashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A nan zan ba maza gaskiyarsu ɗaya: akwai amaren da aka kai ɗaki da na'urar markaɗe iri uku da jeren kuloli a cikin gilas, amma ba su taɓa tankaɗe garin tuwo ba. Sai dai su wa suka yi musu kayan ɗakin? Su wa suka ce turmi da rariya da tukunyar ƙasa za su ɓata kicin? Kuma ɗan'uwanta namiji da aka raina tare da ita, shi me ya iya? Ba ya iya ɗinke buhu, ba ya iya gyara ƙafar kujera, famfo na ɗiga sai an kira mai gyara. A firamare a da akwai darasin aikin hannu, yaro ya kawo tsintsiya ko igiya ko faifai da ya yi da kansa a ba shi maki. Sannu a hankali aka koma sayowa a kasuwa, daga baya aka ce kawai a kawo kuɗi ko sabulu. Hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gbagyi da ta yi suna har Turai, yana bayan takardar Naira 20, amma 'yarmu ta taɓa yumɓu sai mu ce ta yi ƙazanta.

Su ma shirye-shiryen koyar da sana'a da 'yan siyasa da matansu ke yi, da an sake tunani. Kowace shekara a tara mata ɗari biyu a ɗakin taro, a koya musu sabulun ruwa da turaren ɗaki da jakar duwatsu, a ɗauki hoto a raba takardar shaida. Sinadaran haɗin duk daga waje suke, farashinsu na bin dala, kuma a layi ɗaya mata goma ke sayar da sabulun ruwa iri ɗaya, wa zai saya wa wa? Da an koya musu shanya mai tsafta, da haɗa garin kunun yara na gero da waken soya da gyaɗa, da ginin murhu mai tsimin itace, ko ba su sayar da komai ba gidansu ya ci riba tun daga watan farko.

Makamashi ma wuri ne da kuɗi ke zurarewa ba a lura. Gas ya yi tsada mutane suka koma gawayi, gawayi ya bi sahu, dazuzzukan da ake sarowa kuma suna ƙarewa. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska yake dafawa. Wanda aka gina da laka ya kewaye gindin tukunya, da ƙofa ɗaya ta itace, yana rage cin itace ƙwarai, kuma yaro ɗan sakandare zai iya gina shi. Tun zamanin Abacha, lokacin da kananzir ya ɓace, mutane suka koyi dafa abinci da garin katako da aka danƙara a gwangwani. Akwai kuma dabarar da ban ga ta yaɗu a wajenmu ba, ko da yake a Afirka ta Kudu har jaka ake ɗinkawa dominta: a samu kwando mai zurfi, a shimfiɗe cikinsa da tsofaffin zannuwa ko bargo, a ɗinka matashi daidai bakinsa. Wake da aka jiƙa tun dare, idan ya tafasa sosai na kamar kwatan awa, sai a sauke tukunyar da murfinta a cusa a kwandon a danne da matashin. Zafin da ke ciki shi zai ƙarasa dahuwar cikin 'yan sa'o'i, babu gawayi ko ɗaya, babu ƙonewa, uwargida ta samu ta yi wani aikin. Kayan haɗin duk suna cikin tsummokaran da ake shirin zubarwa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Lebura da ɗan acaɓa da mai tura baro, wanda abin da ya samu yau shi za a ci yau, ina ya ga kuɗin buhu? Wanda ke haya a ɗaki ɗaya da iyali bakwai, ina zai kafa gadon shanya? Manomin Zamfara ko Katsina da 'yan bindiga suka hana shi gona, ko suka sa masa haraji kafin ya girbe, ba shi da kakar da za a ce ya yi tanadi a cikinta. Waɗannan ba da su nake ba, haƙƙinsu yana wuyan hukuma da masu hali. Da malamin makaranta nake, da ma'aikacin asibiti, da mai shago, da direba, mutanen da suke iya haɗa kuɗin ragon layya da na ankon biki idan ta kama, amma ba su taɓa haɗa kuɗin buhun dawa a Disamba ba.

Akwai kuma wata gaskiyar: ajiya ba kullum take riba ba. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150 a 2024, sai farashin hatsi ya yi ta sauka a 2025, waɗanda suka cika sito suna jiran tsada suka tafka asara. Amma wanda ya ajiye don ya sayar shi ne ya yi kuka. Magidancin da ya ajiye na bakin iyalinsa, abin da ya rasa ɗan bambancin farashi ne, tuwonsa kuwa ya ci. Kuma buhu biyu a lungun ɗaki ba shi ne ɓoye abincin da malamai ke tsinewa ba, wanda ya sa a farkon 2024 hukuma ta garƙame wasu rumbunan ajiya a Dawanau.

Wanda kuɗinsa bai kai buhu ba, ai mun daɗe da sanin hanya. Da Sallah mutum bakwai ko goma kan haɗa kuɗi su sayi sa su yi watanda, kowa ya ɗauki kashinsa. Mata na zuba adashi shekara da shekaru, da shi suke aurar da 'ya'ya. Abin da ban gane ba shi ne me ya sa dabarar nan ke tsayawa a nama da kayan ɗaki. Magidanta biyar da ke sallah a masallaci ɗaya za su iya fara zubi tun Yuli, kowane wata abin da ya sawwaƙa, idan Nuwamba ta yi mutum biyu su tafi kasuwar ƙauye ranar cinta, su auno dawa da masara da wake, a biya kuɗin mota sau ɗaya. A Maris a sake yin na tumatir da tattasai da albasa, matan gidajen su haɗu a gidan da ya fi fili su yanka tare, yadda ake haɗuwa aikin biki.

Inda irin wannan haɗaka ke watsewa sananne ne, wajen kuɗi da wajen rabo. Don haka kada kuɗin ya kwana a hannun mutum ɗaya ba tare da an rubuta ba, wanda zai je kasuwa a yanka masa ladan wahalarsa a fili tun kafin ya tafi, kuma a raba kayan ranar da suka iso, a gaban kowa, da mudu ɗaya. Kason kowane gida ya wuce kai tsaye hannun uwargida, ita ta san abin da zai shiga jarka da abin da za a kai inji.